Sa Hannun Yaya

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Saba ta sake faɗuwa da asuba. Na tashe ta ina zaune a bakin gado, ko fuska ban wanke ba.

Jiya a barandar asibiti Umma ta ce mini, “Wai ke Auta, mece ce wannan saba da ta hana ki zama wuri ɗaya?” Na ce mata kwamfuta ce babba da muke haya, a kanta wasan da muka gina ni da Yaya yake zaune. Mutane suna shigowa ta wayoyinsu su yi noma, su yi kiwo, su kai amfanin kasuwa. In ta faɗi, kowa sai ya ga duhu. Ta ce, “Noman ƙarya dai?” Na ce e. Ta ce, “To Allah ya ba da damina mai albarka.” Umma ta daina dariya a kwanakin nan, amma bakinta bai yi ritaya ba.

Mako guda ke nan da abokan aikin Yaya suka ɗauko shi daga ƙasan ofishinsu, inda ya yanke jiki ya faɗi. Umma ce ke kwana wurinsa, Anti, matarsa, ita ke yini. Ni aka bar wa gida. Ban taɓa sanin firjin nan yana ƙara haka ba.

Duk wanda ya kira, amsa ɗaya ce. Da sauƙi.

Alhamis, lokacin hutun rana, a ofis

Na gano inda saba take yoyo. A sashen kasuwa ne. Duk lokacin da ɗan wasa ya kasa kaya sannan ya fasa sayarwa, saba ba ta mantawa da shi, sai ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta. Yau ta riƙe, gobe ta riƙe, har ta cika ta kife. Da can sai ta yi wata ba ta faɗi ba. Yanzu da mutane suka ƙaru, ko kwana biyu ba ta yi.

Kasuwar nan ita ce abu na farko da Yaya ya rubuta, tun yana ɗalibi, kuma wallahi an gani. Fayil ɗaya ne, tsawonsa kamar hanyar da ba ta ƙarewa. Aiki ɗaya ya rubuta shi sau uku, ya sa wa na farko suna “sabo”, na biyu “sabo biyu”, na uku “sabo na gaskiya”. Dukansu suna aiki, kowanne a ranar da ya ga dama. Na sha ce masa ya bar ni in share wurin, sai ya ce, “Sarkin Shara, ki bar mini kasuwata. Kasuwa ai da datti take ci.”

Ba za a toshe yoyon nan da faci ba. Sai an kwashe rumfunan duka an sake kafa su. Zan iya. Ba wannan ne ya dame ni ba.

Abin da ya dame ni dokarmu ce. Tun ranar da muka buɗe wasan ga jama’a, Yaya ya kafa ta: ba wanda zai shigar da aikinsa cikin kod, wato rubutun da ke tafiyar da wasan, da kansa. In na rubuta, shi zai karanta ya sa hannu. In ya rubuta, ni zan karanta. Ba a baki kawai ya bar ta ba, ya ɗaure ta a cikin tsarin, maɓallin shigarwa ba ya zama kore sai na biyu ya amince. Yakan ce komai ƙwarewar mutum ba ya aske wa kansa ƙeya. Waɗanda suka taɓa taya mu karatu duk sun yi aure ko sun sami aiki sun ɓace. Mu biyu muka rage.

Oga ya leƙo yanzu ya ce, “Ya mai jiki?” Na ce da sauƙi. Ya ce in na gama cin abinci firintar sama tana cin takarda.

Juma’a, bayan magariba

Na je. An mayar da shi gado na kusa da taga. Gemunsa ya fito, akwai fari a ciki, ban san yana da furfura ba. Hannun damansa yana kan matashi inda Anti ta ajiye shi, kuma a nan na tarar da shi, a nan na bar shi.

Na zauna na ba shi labarin yoyon daga farko har ƙarshe, da hannu da ƙafa, har mai jinyar gadon gefe ta juyo tana kallona. Na ce, “Yaya, kasuwarka ce fa. ‘Sabo biyu’ ne ɓarawon.” Na jira ya ce ƙarya nake. Ya kalle ni sosai, gefen bakinsa na hagu ya motsa, ya ce, “To.”

Umma ta ce ita ce kalmar da ta dawo masa. Ruwa, to. Zafi, to. Sunan ’yarsa, to. Ta ce sauran suna hanya, magana ba ta zuwa gaba ɗaya, ko jariri da ɗaya yake farawa.

A motar haya na dawo. Direban yana ta surutu da wani a waya kan taya, na ji haushinsa ba gaira ba dalili.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Saba ta faɗi sau biyu. Na wanke labulen falo, duk da bai yi datti ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Tun safe nake kai. Na ja teburin cin abinci kusa da soket, na zauna a kujerar da Yaya yake zama in ya zo gaida Umma, don ita ce ba ta girgiɗi.

Akwai daɗi a shara, ba zan ɓoye ba. Na haɗe “sabo” guda ukun suka zama ɗaya. Na raba dogon fayil ɗin gida-gida: kasa kaya daban, ciniki daban, fasawa daban. Na tarar da wani sashe da ya rubuta don jirgin ruwa, alhali a wasanmu ko kududdufi babu. Na tarar da inda ya rubuta wa kansa a gefe, “a gyara wannan ranar Asabar.” Bai faɗi wace Asabar ba. Na yi dariya da ƙarfi, dariyar ta dawo mini daga bangon kicin, na yi shiru.

Abin da na goge ya ninka abin da na rubuta. Gwaje-gwajenmu duk sun wuce. Na kunna ƙaramar saba a kwamfutata, na sa ’yan kasuwar bogi suna kasawa suna fasawa ba ƙaƙƙautawa, ƙwaƙwalwa ko gezau.

Na aika aikin wurin dubawa, kamar kullum. Na rubuta a sama, “Yaya, ga kasuwarka na share. Kar ka yi fushi.” Tsarin ya sa sunansa a gefe, da ɗan hotonsa na hular sanyi, ya rubuta ana jiran sa hannunsa. Maɓallin yana nan launin toka.

Da lafiyarsa ƙalau, kafin in miƙe in sha ruwa gyararraki sun fara zubowa. Wannan sunan bai faɗi aikinsa ba. Nan kin bar ƙofa buɗe. In mutum ya kasa kaya sifili fa? Akwai ranar da ya mayar mini da aikin layi biyar har sau huɗu, na rantse ba zan ƙara taɓa wasan ba, na yi kwana biyu ba na gaishe shi. Umma ce ta shiga tsakani, ta ce ita ba ta haifi ’ya’ya don su yi gaba kan gonar da ba a cin amfaninta ba.

Na bar shafin a buɗe. Ba don komai ba.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Zauren hirar ’yan wasa ya cika da ƙorafi. Gaba-gaba Mai Tumaki ne. Dattijo ne da ya bar aiki, ban san sunansa na gaskiya ba, amma tun shekarar farko yake tare da mu, kuma garkensa ya fi na kowa. Ba ya rubuta saƙo sai da sallama da gaisuwa cikakkiya, ko da zagi zai biyo baya.

“Barkanmu da safiya, Ƙaramar Injiniya. Ina kwana, ina gajiya. Wannan sabar taku farfaɗiya gare ta? Jiya ina tsakiyar ciniki ta kife. Ina Babban Injiniya ne? Kwana biyu shiru.”

Na rubuta, “Ba ya nan ne, Baba.” Na goge. Na rubuta, “Yana hutawa.” Na aika wannan.

Ya ce, “Hutu da daɗi. A gaishe shi. A ce masa tumaki suna kuka.”

Talata, bayan isha’i

Mun sami saɓani da Anti. Ban so ba.

A barandar asibiti ne, tana wanke kwanukan abinci a famfo, wayata ta yi ƙarar da take yi in saba ta faɗi. Na tsuguna na buɗe kwamfuta a kan gwiwa na tashe ta. Anti ta ce, “Auta, ba kin ce kin gyara ba?” Na ce na gyara, sa hannun Yaya nake jira. Ta tsaya da soso a hannu tana kallona kamar na yi wani yare.

“Sa hannunsa? Da wane hannun?”



Ta sassauta murya ta ce, “Kwamfutarsa tana gida, da yatsansa take buɗewa. In kawo miki gobe. In ya yi barci sai ki ɗora yatsan a kai, ki shiga ki danna wa kanki. Wa zai sani?”

Na ce, “Anti, ai ba dannawar ba ce. Karantawar ce.”

“To ke ba kin karanta ba?”

“Ni na rubuta.”

Ta ce, “Ikon Allah. Ku dai gidan nan taurin kai gado ne.” Sai ta ce tun da ni ma ina da mabuɗin komai, in cire dokar mana, in ya warke a mayar. Gaskiya ta faɗa, zan iya, ɗan makunni ne a shafin saituna. Amma sai na ji bakina yana cewa, “Ke kin riga kin cire rai ke nan?” Wallahi ban san daga ina ta fito ba. Matar da take juya shi, take goge masa baki, take kwana da yini da warin asibiti a mayafinta.

Ta ɗauraye kwanon ƙarshe ta kife shi, ta shige ciki.

Na tura mata saƙon ban haƙuri a hanya. Ta amsa, “Ba komai, ƙanwata.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ban je ba yau. Na ce wa Umma aiki ne ya riƙe ni.

Alhamis, bayan la’asar

Na je da wuri, na tarar mai koyar da magana tana wurinsa. Ban shiga ba, na tsaya a bakin ƙofa. Tana da katuna, wasu da hotuna, wasu da manyan baƙaƙe. Ta ɗaga hoton kofi, ya nuna kofin da ke kan durowa, Umma ta ce Alhamdulillahi. Sai ta ɗaga na baƙaƙen, bai nuna komai ba.

Daga baya likita ya kira Anti ofishinsa, ta ce in biyo ta. Ya yi bayani da biro a kan hoton kai. Yana da kirki. Agogon bangonsa ya tsaya, ba wanda ya damu ya sa masa batir.

Da na dawo na zauna na canza wa abubuwa suna a sashen kiwo. Yaya yana da ɗabi’ar sa wa abu harafi ɗaya, wai don sauri, “t” tunkiya ce a nan, a can kuma taki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba kowanne cikakken sunansa. Aiki ne da ba ya buƙatar tunani, hannu ne kawai. Na aika shi ma wurin dubawa. Yanzu biyu ne a layi.

Kawu ya kira daga tafiya. Da sauƙi, na ce. Ya ce muryata ba ta nuna ba. Na ce mura ce.

Juma’a, ƙarfe uku na rana

Yau ta yi mummunar faɗuwa. Ina sama ina fama da firintar Oga, wayata tana cikin jaka, ban ji ba. Kuma ta kife ne tana tsakiyar ajiye bayanai, sai da na koma ajiyar jiya. Duk abin da mutane suka yi tun daren jiya ya tafi: girbi, haihuwar dabbobi, ciniki, wani ma gidan da ya gama ginawa.

Zauren ya kama da wuta. Wani ya ce mun ci amanarsu, wai mu da ko sisi ba ma karɓa. Wata ƙungiya ta manoma, su ne suka fi kowa hira da raha, sun yi sallama gaba ɗaya sun ce sun koma wani wasan. Na ba da haƙuri har yatsuna suka gaji.

Mai Tumaki bai yi magana a zaure ba. Ya biyo ni ta gefe.

“Barka da rana, ’yata. Ya aiki, ya haƙuri da mu. Ba ƙorafi na zo yi ba. ’Yan ragunana da suka tafi Allah ya mayar da alheri. Ina so ki sani ne kawai, ni yarana duk sun watse garuruwa, in na idar da sallar safe a nan nake samun wanda zan ce wa ina kwana. In za ku rufe, ki gaya mini da wuri, kar in zo in tarar da ƙofa a garƙame.”

Na ce ba za mu rufe ba.

Ya ce, “Babban Injiniya ba hutu yake ba, ko?”

Na ce, “A sa shi a addu’a, Baba.” Ya ce an sa. Bai ƙara tambaya ba, kuma na ji kamar in bi shi in riƙe rigarsa.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na buɗe shafin saituna. Makunnin yana nan, ƙarami, shuɗi, a gefensa an rubuta ana buƙatar amincewar mutum na biyu. Na ɗora kibiya a kansa.

In na kashe shi, saba ta warke yau. Na sani. Mutanen nan ba su yi mini laifin komai ba. Amma tun da aka ɗauko Yaya, kowa ya karɓe masa wani abu. Ofishinsu sun ba wani teburinsa, wai na wucin gadi. Maƙwabci ne ke tayar da motarsa don kar batir ya mutu. Anti ce ke sa hannu a takardun makarantar yarinya. Wuri ɗaya ne ya rage a duniya da har yanzu aka tsaya cak ana jiransa, ba a iya motsi sai ya ce, kuma ni ce mai gadin wurin.

Na rufe shafin. Na kira Anti na ce ta kawo kwamfutarsa gobe, amma yana farke nake so.

Asabar, bayan magariba

Ta faɗi sau uku yau. Zauren ya yi tsit, shirun ya fi zagin ciwo.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya.

An tayar da shi zaune, an jera masa matasai. Anti ta ɗora kwamfutar a kan teburin cin abincin da ake turowa kan gado. Da ya gan ta idonsa ya canza, wallahi ya canza, har Umma ta ce, “Ka ga amaryarka ko?” Anti ta ɗago hannun damansa da hannuwanta biyu, ta ɗora babban yatsan a wurinsa. Ta buɗe.

Na shiga shafin na juya masa. Na ce, “Yaya, ga shi. Ba sauri nake ba. Ko fayil ɗaya ka duba yau, gobe mu ci gaba. In ka ga kuskure ka nuna da yatsa kawai, ni zan gane.”

Ya sunkuyo. Yaya in yana karatun kod leɓɓansa suna motsi, idonsa yana gudu daga hagu zuwa dama yana dawowa, yana ɗan huci ta hanci in ya ga abin da bai yi masa ba. Na san wannan fuskar fiye da tawa. Yau idon ya sauka a tsakiyar allo ya tsaya. Ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya rufe ido ɗaya. Na ƙara girman rubutun, na sake ƙarawa, har layi ɗaya ya cika allon. Ya kai yatsan hagu ya taɓa harafin farko, kamar mai taɓa abu ya ji ko da zafi.

A gadon gefe ana ta fama da wani ya sha magani.

Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Na ce, “Bari in karanta maka da baki.” Na fara. Ban kai ko’ina ba ya ɗaga hannu, na tsaya. Ya kalle ni, irin kallon da yake mini muna yara in na faɗi na ƙi yin kuka don kar a ce na ji ciwo.

Sai ya ja teburin kusa da hannun hagu. Ya fara gangarawa ƙasa, yana wuce fayil bayan fayil, kasa kaya, ciniki, fasawa, duk aikin da na yi, bai tsaya ko’ina ba. Hannun bai saba ba, kibiyar tana ta zillewa. Anti ta miƙa hannu za ta taimaka, ya ture ta da gwiwar hannu. Karatu ya tafi, amma bai manta inda maɓallin yake zama ba. Ya kai kansa da ƙyar, ya danna.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Ya amince. Babu gyara ko ɗaya.

Umma ta ce, “Alhamdulillahi! Kin gani? Ya duba miki. Ai na ce suna hanya.” Anti ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ni kuma na ce, “Na gode, Yaya.” Ya mayar da kai kan matashi ya rufe ido.

Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan kai wa mutumin nan aiki ya wuce ba gyara.

Lahadi, bayan isha’i

Maɓallin ya zama kore. Ban danna ba. Na ci abinci a tsaye.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na ce wa Oga ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya sosai ba.

Na kasa dannawa don na san ba a karanta ba. Shi ma ya san na sani. Saboda haka na zauna na karanta da kaina, daga layin farko, a hankali, da baki, ina yi wa kaina tambayoyinsa masu ban haushi. In kayan sifili ne fa? In mutum biyu suka saya lokaci ɗaya fa? In wayar mai saye ta yanke yana tsakiyar biya fa?

A ta ukun na tsaya.

A tsohuwar kasuwarsa akwai wani layi mummuna a cikin “sabo biyu”, ba bayani, ba dalili, yana sake duba abin da aka riga aka duba. Na ɗauka shirme ne na share shi. Ashe shi ne ke mayar wa mai kaya kayansa in ciniki ya yanke a tsakiya. Gwaje-gwajenmu ba su taɓa gwada wannan ba, shi ya sa suka wuce. Na gwada yanzu: na kasa tumaki, na fara saye, na cire waya. Tumakin ba sa wurin mai saye, ba sa wurin mai sayarwa. Da na danna jiya, da mutane sun riƙa asarar dukiyarsu shiru-shiru, kuma a wurinmu yankewar waya ai ruwan dare ce.

Da kallo ɗaya Yaya zai kama shi. Da ya rubuta mini, “Sarkin Shara, kin share har da tabarma.”

Gyaran layi uku ne. Na rubuta, na ƙara gwajin da zai tsare wurin. Amma ban aika ba, saboda na tuna sauran dokar. Shi ya tsara ta haka: in aka taɓa ko harafi ɗaya bayan an sa hannu, sa hannun ya warware, sai an sake dubawa. Wai don kar wani ya karɓi amincewa sannan ya cusa abin da ba a gani ba. Wanin nan ni ce, ba kowa.

Ga zaɓin. In shigar da aikin yadda ya amince da shi, da sunansa a kai, da ramin a ciki. Ko in toshe ramin, sunansa ya goge. Ba zan sake kai masa kwamfuta gadon nan ba, ko za a yanka ni.

Litinin, bayan azahar

Na aika gyaran. Ɗan koren da ke gefen hotonsa ya ɓace nan take, ko jinkiri bai yi ba. Maɓallin ya koma toka.

Na shiga saituna na kashe makunnin. Tsarin ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce e. Na shigar da kasuwa, na shigar da sunayen kiwo, na tashi saba a kan sabon kod. Na zauna ina kallon ƙwaƙwalwarta, layin ya miƙe sambal bai hau ba. Na sanar a zaure. Mai Tumaki ya yi sallama, ya gaishe ni, ya ce zai gwada da tunkiya ɗaya tukuna, shi ba a yi masa sakiyar da ba ruwa sau biyu.

Ban tuna tsarin yana aika wa mai dubawa sanarwa ba sai da Anti ta kira.

“Auta, wayarsa ta yi ƙara, ya ga alamar wasanku, ya miƙo mini in karanta masa. Wai an soke amincewarsa. Me zan ce masa?”

Da na ce ta ce masa godiya ce tsarin ya aiko. Da ya wuce. Na ce, “Anti, sa masa a kunne.”

Na ji motsin matashi, sai numfashinsa.

Na ce, “Yaya, ni ce. Na sami kuskure a ciniki. Layinka na ‘sabo biyu’, mummunan nan, ashe shi ke riƙe da kayan mutane. Na mayar da shi, na rubuta masa bayani a gefe. Kai ne da gaskiya.” Sai na ƙara da cewa, “Na cire dokar, Yaya. Ni kaɗai na shigar.”

Numfashin ya yi tsawo, ya fita a hankali. Ban san me ke cikinsa ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ba. Na ji Umma daga nesa tana tambaya wa ke magana. Ba wanda ya kashe waya sai da ma’aikaciyar jinya ta zo da allura.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Saba ta kwana a tsaye.

Na ga wani ɗan kuskuren rubutu a sashen girbi, na gyara na aika, na tashi na ɗora ruwan shayi don in ba Yaya lokacin dubawa. Sai da ruwan ya tafasa na tuna.